Hukuncin Yin Magani da Gubar Bakteriya da Aka Sarrafa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina yana da ciwon suga, ƙafafunsa na yi masa zogi kamar ana gasa su, har barci ya gagare shi. Na ji ana cewa masana suna sarrafa gubar da bakteriya ke fitarwa don ta kashe irin wannan raɗaɗi. Ya halatta Musulmi ya bari a sa masa guba da sunan magani? Daga ɗalibinku a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya sa kaffara ne.

Hukunci ba ya yiwuwa sai an san abin da ake hukuntawa. Gubar botulinum tana fitowa daga ƙwayar Clostridium botulinum, kuma tana cikin mafi kisa da aka sani. Aikinta hana jijiya sakin saƙonta, sai tsoka ta saki. Da ɗan mitsitsin abu daga cikinta ake yin allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1989 don harara-garke da ƙanƙamewar fatar ido, sannan a 2010 don ciwon ɓarin kai mai naci. Sabon abin shi ne a cire wa gubar ɓangaren da ke kai ta ga jijiyar motsi, a ɗaura mata wani da zai kai ta ga jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi. Masana a Landan da Shefil sun wallafa sakamakon haka a 2018, wasu a Jami'ar Habad kuma sun gwada gubar cutar saifa ta dabbobi. Duka biyun a jikin ɓeraye aka yi.

Asalin neman magani halal ne. Usama bin Sharik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci bayin Allah su yi magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ban da tsufa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubutu kan maganin ido da na basir, ba wanda ya ce tawakkalinsa ya ragu.

Abin da ya sa ka shakka, ina tsammani, shi ne hadisin Abu Huraira da ya hana magani khabisi, wanda a ruwayar Tirmizi aka fassara shi da guba. Malamai sun ɗauki hanin a kan abin da ke halakarwa, daidai da faɗin Allah a Baƙara, aya ta 195, cewa kada ku jefa kanku ga halaka. Ibnu Ƙudama ya fayyace: maganin da ke ɗauke da guba, in galibi halaka yake jawowa, haramun ne, in galibi ana tsira kuma ana fatan amfaninsa, halaccinsa ya fi ƙarfi. Ke nan mudu da sakamako ake dubawa, ba inda abu ya fito ba. Kuma guba ba najasa ba ce don kawai tana kisa.

Saboda haka ya halatta, matuƙar ƙwararren likita ya tabbatar amfanin ya rinjayi cutarwa, hukuma irin NAFDAC ta yi wa maganin rajista, mahaifinka kuma ya yarda bayan an gaya masa haɗarin. In ya tabbata zai raba mutum da dogaro da tiramadol da danginsa, masu taɓa hankali, ni ina ganin ya fi su kusa da manufar Shari'a.

Sai dai ka kula. Wannan da aka sarrafa don jijiyar zafi bai zama maganin da ake sayarwa ba. Duk wanda ya kawo maka kwalba a kemis ko ta WhatsApp ya ce ita ce, kada ka saya. Yi wa mahaifinka allurarta haramun ne, don jefa rai ne cikin haɗari. Sannan mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina jin zafi zai iya taka ƙusa bai sani ba har gyambo ya kama. Ka kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a daidaita sugansa, a ba shi magungunan jijiya da ake da su yanzu, kai kuma ka riƙa duba tafin ƙafarsa kullum.

Wallahu a'alam.