Zan iya ƙara wa girafik ɗin laftof ɗina gudu ba tare da na ƙona shi ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof na hannu, Core i5 ne, RAM 8GB, girafik ɗinsa GTX 1650. In na fara buga gem ɗin GTA V yana tafiya sumul amma bayan kamar minti 20 sai ya fara tsinkewa, fankar tana ta ihu. Wani abokina ya ce in yi masa obakulokin, wato in ƙara wa girafik ɗin gudu fiye da yadda kamfani ya saita, zai gyaru. Don Allah ya ake yi, kuma ba zai ƙone ba? Daga wani ɗalibi, Yelwa, Bauchi.

AMSA: Wa alaikumussalam ƙanina. Toh kafin mu je kan yadda ake yi, ka sake duba abin da ka rubuta da kanka, ka ce da farko yana tafiya lafiya sai daga baya ya fara tsinkewa. Ai wannan ba rashin gudu bane, zafi ne. Shi cif ɗin girafik na kamfanin NVIDIA, irin naka, a laftof in ya kai wajen digiri 87 da kansa yake rage gudu don kar ya lalace, kaga kenan in ka ƙara masa gudu a haka sai dai ka ƙara masa zafi, abin da yake yi a minti 20 ya koma yi a minti 10.

Kuma mu a nan abin ya fi tsanani, ka tuna watan Maris da Afrilu a Bauchi da rana zafin gari na kaiwa 40, iskar da fankar ke zuƙa ita kanta mai zafi ce, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ramukan da iska ke fita, ga shi tun 2019 aka fara fito da irin wannan girafik ɗin, wataƙila tun daga kamfani ba a taɓa canza man da ake shafawa tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ba, ya bushe ya zama kamar ƙasa. Don haka ka fara kai shi wajen mai gyara da ka yarda da shi, a buɗe a share fanka a sa sabon mai, ka tsaya a yi a gabanka. Ka daina ɗora shi kan katifa ko darduma, ka sa a tebur ka ɗan ɗaga bayansa. Sannan kullum da caja a jiki in za ka yi gem, cajarsa ta asali, don a kan batir girafik ba ya ba da ƙarfinsa duka.

In an yi wannan kaga zafin ya tsaya a 70 da ɗoriya, sai a zo batun ƙarin gudu. Ka sauke manhajar MSI Afterburner, kyauta ce, daga shafin MSI kansa kawai don akwai na bogi masu ɗauke da ƙwayar cuta. Za ka ga layin Core Clock, wato gudun cif ɗin, da na Memory Clock, wato gudun ma'ajiyarsa. Ka ƙara wa na farkon 25, ka danna alamar amincewa, ka buga gem na rabin awa kana kallon zafi. In lafiya ka ƙara wani 25. Da zarar ka ga ɗige-ɗige ko wasu launuka na walƙiya a fuskar laftof ɗin, ko gem ɗin ya rufe kansa, ka koma baya mataki ɗaya ka tsaya nan. Ni dai ba na ba da shawarar a wuce 100. Kar ka kunna wurin da ke sa saitin ya tashi tare da Windows sai ka gwada kwana biyu.

Amma gaskiya kar ka sa rai da yawa. GTX 1650 na laftof yawanci wat 50 aka ƙayyade masa, kuma layin ƙarin wutar a kulle yake, ba kamar na kwamfutar tebur ba. Ribar da wuya ta kai kashi 10 cikin 100, wato in kana samun firem (hoto) 40 a daƙiƙa ka koma 43 ko 44, ido ma da ƙyar zai gane. Abin da ya fi damuna shi ne girafik ɗin laftof a liƙe yake da bod, wato babban allon da kayan cikin laftof suke kai, in ya mutu ba a cire shi a sa wani cikin sauƙi, kai kuma da wannan na'urar kake karatu.

Da ni ne, kuɗin da ƙarfin a RAM zan sa. In 8GB ɗin naka guda ɗaya ce kuma akwai ramin da ba kowa, ka ƙara wata 8GB irinta su zama biyu, a gem irin GTA V za ka ji bambanci fiye da na obakulokin ɗin. Ka kuma shiga saitin gem ɗin ka rage inuwa da ciyawa, ka kashe MSAA, saitin da ke gyara gefen hotuna su yi sumul, su ne suka fi cin ƙarfi.