Amsa ga uwar yara biyu: sansanin ƙwallo da gasannin hutun bazara a Amurka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana su.

Idan na fahimce ki, kina da namiji ɗan shekara 13 da ya shiga ƙungiyar da ke yawon gasa gari-gari, wadda a nan ake kira tarabul, sai ƙanwarsa 'yar shekara 9 da ke buga ta unguwa, wato rek. Hutun bazara ya ƙarato, tallar sansanonin horo ta cika miki imel, kocin yayan kuma ya turo jerin gasanni har da wata a Florida, shi ne kike tambayar wanne ya cancanci kuɗinki. Ni a Maryland nake, yarana sun bi hanyoyin nan biyu, kuma na daɗe ina riƙe wa wata ƙungiyar yara takardu da lissafin kuɗi.

Ma'aunina guda ne, Hajiya: minti nawa yaro zai yi a cikin fili, ƙwallo a ƙafarsa, tare da yaran da ƙarfinsu ya zo daidai da nasa. Sunan gasa, tambarin riga da nisan garin da za a je duk a bayan wannan suke. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ita ƙaramar, lamarinta mai sauƙi ne. Ƙwallon unguwa an gina ta ne don kowane yaro ya taka leda. AYSO, wata ƙungiyar ƙwallon yara ta ƙasa da aka kafa a Kalifoniya a 1964, dokarta ita ce kowane yaro ya buga aƙalla rabin wasa, kuma yawancin gasannin ƙananan hukumomi haka suke tafiya. A shekarunta bakwai-bakwai ake bugawa a ƙaramin fili. Abin da ya dace da ita shi ne sansanin rabin yini kusa da gida, irin wanda sashen wasanni na ƙaramar hukuma ko wata sakandare ko kwaleji ke shiryawa, daga tara na safe zuwa sha biyu. A yankinmu irin wannan bai cika wuce dala 150 zuwa 300 a mako ba. Na yini guda kuwa, gaskiya bayan azahar raino ne kawai, yara sun gaji, rana ta take. Idan aiki ne ya sa kike buƙatar inda za ki ajiye ta har yamma, babu laifi, amma ki san abin da kike biya.

Ranar farko kada ki sauke ta ki juya. Ki tsaya ko rabin awa ne. Idan kowace yarinya na da ƙwallonta, koci ɗaya na kula da yara goma ko sha biyu, ana ba su ruwa a kai a kai, to kin dace. Idan kuwa kika ga layi, yara ashirin suna jiran ƙwallo ɗaya koci na ta lacca, ki nemi wani wurin a mako na gaba. Ki kuma lura da kai: tun 2015 hukumar ƙwallon Amurka ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka. Kocin da ke sa 'yar shekara 9 atisayen kai bai san dokar aikinsa ba.

Akwai sansanonin da ke ɗauke da sunayen manyan kulob-kulob na Turai. Kuɗinsu yakan ninka na unguwa, a ba yaro riga mai kyau da satifiket. Wasu da gaske sukan turo koci ɗaya ko biyu daga can, wasu kuwa sunan kawai aka yi haya, masu horarwar 'yan garinku ne. Ki tambayi wanda zai tsaya a fili. Idan da hali kuma yaron na mutuwar son kulob ɗin, a yi masa don jin daɗi. Amma duk wanda ya ce miki daga nan za a ɗauki ɗan shekara 13 zuwa Sifen ko Ingila, ki tuna masa cewa sashe na 19 na dokokin FIFA kan musayar 'yan wasa ya hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Mu da muka taso a gida mun san ejan-ejan da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan gwaji a Turai. A nan ma akwai su, takardar tallarsu ce kawai ta fi sheƙi.

Gasa ga ƙaramar? Ta uku-uku ta yini ɗaya, ko bikin ƙarshen kakar wasa da ƙaramar hukuma ke yi, ya wadatar. Kada wani uba mai zumuɗi ya ja ƙungiyarsu zuwa gasar 'yan tarabul wai don a rukunin ƙasa za a sa su. Na ga yadda ake zura wa yara ƙwallo goma da nema, su dawo mota suna kuka, wasu daga ranar suka ajiye takalmin. Idan tana sa hijabi, dokar ƙwallo ta yarda da shi tun 2014, ki dai nemo mata na wasanni wanda ba ya buƙatar fil.

Yanzu ga babban. A nan ne kuɗin yake, a nan ne kuma iyaye ke shan mamaki. Gaskiyar magana ba ke ke zaɓar gasa ba, kulob da koci ne. Abin da ke hannunki shi ne zaɓar kulob, kuma lokacin yin magana shi ne watan Mayu da Yuni da ake gwajin ɗaukar 'yan wasa, kafin ki sa hannu. Ki ce a ba ki jerin gasannin shekara a rubuce, wacce ake kwana, wacce kuɗinta ke cikin na rajista, wacce kuma sai an sake karo-karo. Tunda ku kun riga kun shiga, ki tambayi manajan ƙungiyar ko ta Florida dole ce ko ganin dama. Sau da yawa ganin dama ce, kunya ce kawai ke hana iyaye tambaya.

Ga yadda gasar ƙarshen mako take. Ana ba kowace ƙungiya tabbacin wasa uku, biyu ranar Asabar, ɗaya Lahadi, kuma an rage tsawon lokacin wasan. Manyan gasanni da yawa suna da sharaɗin cewa 'yan nesa sai sun sauka a otal ɗin da masu gasar suka zaɓa, galibi kwana biyu, ko da kina da 'yar'uwa a garin mai ɗakin baƙi. Sai kuɗin shiga da ake raba wa iyaye, sai otal da man motar koci da su ma iyaye ke biya, sai abinci. Idan da jirgi a ciki, kafin ki farga dala dubu ta tafi. To idan ƙungiyar na da yara 18 kuma ɗanki na cikin masu ɗumama benci, yana iya dawowa da minti 40 kacal a wasa ukun. Ki raba kuɗin da mintocin ki gani. Don haka ki samu kocin ke da shi, cikin mutunci, ki tambaye shi matsayin yaron a ƙungiyar. Kocin kirki zai gaya miki gaskiya.

Sunayen da za ki riƙa ji su ne Dallas Cup, da ake yi tun 1980 a makon Ista, sai Jefferson Cup a Richmond cikin Maris, Surf Cup a San Diego, da USA Cup a Blaine ta jihar Minnesota cikin Yuli. Duk gasanni ne na gaske. Sai dai yawancin manyan gasanni suna da rukuni-rukuni. Na sama ne ke buga babban fili inda kociyoyin jami'a ke zama da kujerunsu da takardunsu. Na ƙasa sau da yawa a can wani fili mai nisa ake kai su, babu mai kallo sai iyaye. Shi ya sa tambayar da ta fi "wace gasa ce" amfani ita ce "a wane rukuni aka sa mu". Wasu kulob ɗin kuma maki suke farauta a jadawalin GotSport, shafin da ke jera ƙungiyoyi bisa makinsu, don su tallata kansu, iyaye ne ke biyan kuɗin farautar. Mu da ke gabashin ƙasar, daga Virginia zuwa New Jersey, cikin tuƙin awa biyu ko uku za a samu ƙungiyoyin da za su ba ɗanki wahalar da yake buƙata. A shekara 13 ban ga dalilin hawa jirgi ba. Idan kuwa tafiya ɗaya kuke so ta zama hutun iyali, ni USA Cup zan zaɓa, don tana karɓar ƙungiyoyi masu ƙarfi da masu matsakaici, kuma yara kan haɗu da ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban.

Za a ce miki ai don sukolashif ake wannan wahala. A dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka wadda ta kasa jami'o'i rukuni uku, kociyoyin ƙwallon ƙafa na jami'o'in rukuni na ɗaya ba su da izinin tuntuɓar yaro sai 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10, jami'o'in rukuni na uku kuwa ba sa ba da sukolashif na wasanni kwata-kwata. Saboda haka sansanonin da jami'o'i ke yi don duba 'yan wasa ba na ɗan shekara 13 ba ne. Imel ɗin gayyatar da ke sa uwa murna, dubban yara aka tura wa irinsa. Ki bari sai ya kai 15 ko 16, ya zaɓi makarantu biyu ko uku da makinsa na aji zai iya kai shi, ya rubuta wa kocin da kansa kafin ya je. Idan kuma Allah ya yi shi fitacce ne, ba zai ɓuya ba: masu farautar 'yan wasa suna zagaya manyan lig-lig na matasa, wato MLS Next, da aka fara a 2020, da ECNL, kuma yawancin makarantun horo na kulob-kulob ɗin MLS, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, kyauta suke.

Abin da ɗan tarabul ya fi buƙata a bazara shi ne hutu. Kusan wata goma yake bugawa a shekara, kuma shekarunsa ne na ciwon gwiwa da na diddige saboda jiki na miƙewa. A bar shi makonni uku ko huɗu babu atisaye, sannan sansani ɗaya mai manufa gab da fara kakar wasa, misali na masu tsaron gida idan gola ne. Sauran lokacin ya je filin unguwa da yamma inda 'yan Afirka da 'yan Latin ke haɗuwa. Ba a biyan ko sisi, kuma can ne yaro ke koyon riƙe ƙwallo a matsi ba tare da wani na yi masa ihu daga gefe ba.

Sansanin kwana kuwa, kafin ki biya ki tambayi ko duk manyan da za su kwana da yaran an binciki tarihinsu kuma sun yi horon SafeSport na kare yara daga cin zarafi, wa ke kula da ɗakunan da dare, akwai abincin halal ko sai dai kifi da ganye, kuma ina zai yi salla. Wanda ya yi miki kame-kame a waɗannan, ki bar shi. Ki kuma duba kalanda da idon gidanki: gasanni Asabar da Lahadi suke cinyewa, ranakun Islamiyya ke nan, azumi kuma a shekarun nan yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, daidai da gasannin farkon shekara. Ki sanar da koci tun da wuri, yawancinsu suna da fahimta idan ba a ranar wasa suka ji ba.

Wajen cike fom ki lura da rukunin shekaru. Daga kakar da ke farawa a Agustan 2026, manyan ƙungiyoyin da ke kula da ƙwallon yara, wato US Youth Soccer da US Club Soccer da AYSO, sun koma lissafin shekarar makaranta, 1 ga Agusta zuwa 31 ga Yuli, maimakon shekarar haihuwa, don haka wasu yaran rukuninsu ya canza. Ki karanta sharaɗin mayar da kuɗi, domin gasanni da yawa idan ruwan sama ko tsawa ta sa an soke wasa ba sa mayar da komai. Kuma kusan kowane kulob yana da asusun rangwame ga iyalan da kuɗin ya yi wa nauyi. Mutanenmu ba sa nema saboda kara, alhali wasu iyayen suna cike fom ɗin kowace shekara ba tare da wani ya ji ba.

Idan kin samu jerin gasannin da rukunin da aka sa su, ki turo nan mu duba tare. Akwai iyaye a cikinmu da ke New Jersey da Virginia, wataƙila ma a haɗa ku mota ɗaya a rage kuɗin mai.