Ku Tambaya Mu Amsa: Ina da katin jam'iyya amma zuciyata ba ta bin duk abinda suke faɗa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne ina sayar da tumatir da attaruhu a Mile 12, shekara ta goma sha biyu kenan a Legas. Ina da katin APC tun lokacin da shugabannin kasuwa suka ce mu yi rajista, amma gaskiya akwai abubuwan gwamnati da nake yabawa akwai kuma waɗanda bana so sam, kamar yadda aka cire tallafin mai lokaci ɗaya. A majalisarmu ta wajen mai shayi in na yabi gwamnati ƴan adawa su ce an saye ni, in na soke ta ƴan jam'iyyarmu su ce ni munafuki ne mai baki biyu, har wani abokina ya ce mini wai matsakaicin ra'ayi sunan tsoro ne kawai. Dan Allah Malam mutum zai iya zama a jam'iyya bai yarda da aƙidarta duka ba, ko dai in mayar musu da katinsu? Daga wani mai karatu, Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Tambayarka ta taɓa ni dan na sha jin irinta a Agege da Idi-Araba, kuma kafin ka mayar da kati ina so ka fara tambayar waɗanda suke kiranka munafuki su faɗa maka menene aƙidar jam'iyyar da suke cewa ka saɓa mata. Ina nufin su faɗa da baki, abu ɗaya biyu uku. Zaka ga yawanci sunan mutum za su kira maka, wane ne ubangidanmu, wane ne ya yi mana kaza.

Ɗauki maganar tallafin man nan da ka kawo. A watan Janairun 2012 gwamnatin PDP ta Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, nan Legas aka cika filin Gani Fawehinmi a Ojota kwana da kwanaki ana zanga-zanga har sai da aka dawo da ita 97, kuma da yawa daga ƴan adawar wancan lokacin da suka soki matakin su ne suka haɗu suka kafa APC a 2013. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaban ƙasa Tinubu na APC ya sanar da cewa tallafi ya tafi tun a jawabin rantsuwa. Sannan a kamfen ɗin 2023 ɗin Tinubu da Atiku da Peter Obi dukkansu sun ce za su cire shi, jam'iyya uku magana ɗaya. Toh kaga kai da kake cewa ba a yi shi yadda ya kamata ba, ba wata tsohuwar aƙida ka saɓa wa ba, matsayin ne da kansa yake juyawa gwargwadon wanda ke kan kujera.

Ita kanta APC haɗaka ce ta ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA, sai a Nuwamban 2013 gwamnonin PDP biyar suka shigo, Kwankwaso da Wamakko da Amaechi da Nyako da Abdulfatah Ahmed na Kwara. Zaman ƴan marina ne, kowa da inda ya sa gaba, abinda ya haɗa su shine a kayar da PDP a 2015. Atiku ya yi PDP ya yi AC ya koma PDP ya shiga APC ya sake komawa PDP a 2017, Obi daga APGA zuwa PDP zuwa Labour, Kwankwaso PDP, APC, PDP, NNPP. Ban kawo sunayensu dan in zage su ba, kowanne yana da dalilinsa da yake bayarwa, amma in manyan da suka rubuta manufofin jam'iyya suna fita suna shiga haka, bai kamata a ɗora wa mai sayar da tumatir laifin cin amana dan ya ce abu kaza bai yi masa ba.

Kuma ba haka siyasar ƙasar nan take tun asali ba, wannan shine abinda yake min ciwo. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano a 1950 mutum in ya ce shi ɗan NEPU ne ka san me yake nufi, yana nufin talaka ya samu ƴanci daga zaluncin masu sarauta da ƴan doka, kuma mutane sun sha ɗauri da bulala a kan haka, wasu an kore su daga garuruwansu. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali saboda abinda suka yi wa talakawa alkawari kenan. A nan Legas ma a shekarar Lateef Jakande ya hau gwamna a UPN ta Awolowo wadda ta yi alkawarin ilimi kyauta da lafiya kyauta, ya gina makarantu da rukunin gidajen da har yau ake kira da sunansa. Katin wancan zamanin yana faɗa maka wani abu game da mai shi. Amma ko a lokacin ba a taru an zama ɗaya ba, PRP ɗin nan ta rabu gida biyu, ƴan santsi da ƴan taɓo, Malam Aminu Kano a gefe su Rimi a gefe, duk suna cewa talaka suke wa aiki. Ko a Amurka da ake ganin jam'iyyunsu biyu sun bambanta sosai, Sanata Joe Manchin ya yi shekaru a Democrat yana ƙin wasu manyan ƙudurorin jam'iyyarsa kafin ya fita a 2024.

Yanzu maganar abokinka cewa matsakaicin ra'ayi tsoro ne. Akwai gaskiya kaɗan a ciki kuma ba zan ɓoye maka ba. Akwai mutumin da yake cewa shi yana tsakiya alhali jira yake ya ga inda baki ya karkata, in ya zauna da waɗannan ya ce kun yi daidai in ya koma can ya ce ku ne da gaskiya, wannan ba ra'ayi gare shi ba. Kai kuma daga wasiƙarka abu ɗaya kake faɗa a gaban kowa, shi yasa ɓangarorin biyu suke jin haushinka, mai tsoro ai ba ya jawo wa kansa faɗa biyu a teburin shayi ɗaya. Abinda zan ce ka gwada kanka da shi shine, abinda kake yabawa yau in da ɗaya jam'iyyar ce ta yi zaka yaba? Wanda kake suka kuma in naka ne ya yi zaka soka? In amsar eh ce toh kana da aƙida, ko da babu jam'iyyar da ta yi daidai da ita ɗari bisa ɗari.

Batun kati kuwa ni shawarata ka riƙe abinka. Mu ƴan Arewa mazauna Legas kati yana da wani amfani da ya wuce aƙida, shine yake baka bakin magana a taron mazaɓa gaban kansila da ciyaman, kuma ranar da aka rufe kasuwa kamar yadda aka rufe Mile 12 bayan rikicin Maris ɗin 2016, ko aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida kamar yadda aka yi a Yunin 2022, waɗanda suke ciki su ne suke samun shiga ofis a saurare su. Ranar zaɓe kuma kai kaɗai ne da takardarka. Mutanen Legas sun nuna haka a 2023, Obi ya ci jihar a zaɓen shugaban ƙasa da ƙuri'a 582,454 Tinubu na da 572,606, bayan sati uku Sanwo-Olu na APC ya ci gwamna. Sai dai in an ce ka yi abinda ka san haramun ne, sayen ƙuri'a ko tsorata masu zaɓe ko yi wa wani ƙazafi, nan kam ka ajiye musu katin ka tafi.

TAMBAYA: Malam ni tambayata gajeriya ce, wanda muka zaɓa a wata jam'iyya ya sauya sheƙa bai tambaye mu ba, doka bata ce komai ba ne? Daga wata ƴar'uwa, Agege.

AMSA: Ta ce, Hajiya. Sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi kafin wa'adinsa ya ƙare zai rasa kujerarsa, sashe na 109 ya faɗi haka ga ƴan majalisar jiha, amma an bar ƙofa, in jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata toh ba zai rasa ba, shi yasa duk mai fita zaki ji yana cewa rikici ya raba jam'iyyarsa. Gwamna da shugaban ƙasa da mataimakansu kuwa babu irin wannan sharaɗin a kansu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2007 lokacin da Atiku ya koma AC yana mataimakin Obasanjo. In ɗan majalisar tarayya ne naku, sashe na 69 ya baku damar yi masa kiranye, in na jiha ne kuma sashe na 110, sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu a takardar koke an kai wa INEC, ita kuma ta tantance sannan ta shirya ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90.