Tambaya da Amsa: Cire tsohuwar sitika daga jikin tarakta ba tare da taɓa fenti ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi tarakta ta hannu, Massey Ferguson 375. Inji lafiya lau, fentin ma da sauransa, sai dai sitikar da ke gefen bonet duk ta tsattsage ta koɗe. Na sa reza a gefe ɗaya, sai na ga jan fenti yana biyo ta, na tsaya. Wani ya ce in zuba tina. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka kyauta da ka tsaya. Ajiye rezar nan, tinar kuwa kada ta kusanci taraktarka, domin aikinta ke nan narkar da fenti. Haka man birki, in ya zauna a kan fenti sai ya tashe shi.

Sitika leda ce a sama, gam a ƙasa. Shekarun da ta yi a rana sun busar da ledar, shi ya sa take karyewa guntu-guntu in ka ja. Ɗumi ne ke dawo mata da laushi, ya kuma sa gam ɗin ya saki. Amma kafin komai ka ɗauki hotonta, ka auna inda take, don ranar da za ka liƙa sabuwa. Sannan ka wanke wurin da ruwa da sabulu, saboda ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin tsumma za ta bar maka zane.

Ni na fi son na'urar busar da gashi. Zafinta ya isa, kuma da wuya ta yi ɓarna. Akwai bindigar zafi ta masu fenti, amma tana iya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyos, alhali kai ɗumi kaɗan kake nema. Na taɓa riƙe ta a wuri ɗaya na 'yan daƙiƙu, ina ji ina gani fenti ya kumbura ya yi ƙuraje kamar fatar da ta ƙone, kuma babu gyara sai sabon feshi. Har yau abin yana damuna. In ita kaɗai gare ka, sa ta a mafi ƙanƙantar zafi, ka nisanta ta kamar taƙi guda, hannunka kada ya tsaya. Ka riƙa taɓa ƙarfen: in ba za ka iya barin tafinka a kai ba, zafin ya yi yawa. Kusa da tankin mai ko tiyon mai kuwa, kada ka kunna ta sam.

Ɗumama wuri kamar faɗin tafin hannu, ka ɗaga bakin sitikar da farce ko tsohon katin banki. Ka naɗe ta baya, kusan kwance a kan kanta, ka ja a hankali. Jan tsaye shi ke tsinka ta, shi ne kuma ke ɗebo fenti, musamman in an taɓa sake fesa taraktar a kan tsohon fenti. Da ta fara taurin kai, koma ka ƙara ɗumi. Bonet ɗaya na iya cin yini, kada ka yi mamaki.

In ta bushe har ba ta ɗaguwa, akwai wata tayar roba da ake ɗaura wa injin huda, tana goge sitika kamar yadda ake goge rubutun fensir. Irin ta kamfanin 3M iyakarta zagaye 4,000 a minti, ni ko rabin haka ba na wucewa. Kada ka danna, kuma kada ka sa ta a jikin da aka yi da roba.

Danƙon da ya rage, jiƙa tsumman auduga da kananzir ko man feshi na WD-40, ka ɗora na minti biyar, sai ka goge. Fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Tsofaffin taraktoci da yawa ba su da rufin sheƙi a kan fentinsu, don haka ɗan ja-ja a tsumma ba abin tsoro ba ne, amma in fentin ya yi laushi yana kama yatsa, dakata. Bayan nan ka sake wankewa da sabulu.

Za ka ga inuwar rubutun ta fito, domin fentin da ke ƙasa bai sha rana ba. Folish na mota zai rage bambancin, sauran kuma rana za ta daidaita shi a hankali.

Roƙona ɗaya: sitikar gargaɗi da ke kusa da sandar PTO (sandar bayan tarakta mai juya kayan aikin gona), wadda ke juyawa sau 540 a minti kuma take iya naɗe rigar mutum kafin ya ankara, kada ka cire ta sai sabuwa tana hannunka. Farantin lambar inji shi ma ka bar shi inda yake.