Kan tambayar widdershins

Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na saurari saƙonki, kin ce kin ci karo da widdershins a karatu, kina tambaya ko daga Latin take. Na san abin da ke damunki, kalmar ce ba ta yi kama da Turancin da aka koya mana ba. To ba Latin ba ce, ko kusa.

Ma'anarta zagayawa ta hagu, saɓanin tafiyar hannun agogo, yadda ake ɗawafi Ka'aba tana hagunki. A Sukotland aka fara ganinta a rubuce. Gavin Douglas, wanda daga baya ya zama bishop na Dunkeld, ya sa ta a fassarar waƙar Virgil, mawaƙin tsohuwar Roma, da ya kammala a 1513, kuma a can ma ba zagaye ake nufi ba, gashin kan mutum ne ya miƙe ta baibai don tsoro. Su kuma mutanen Sukotland daga Jamusancin arewa suka aro ta, da ma akwai fatauci tsakaninsu ta teku. Wedder ko wider shi ne saɓani, sin kuma inda aka dosa. Wannan s ta ƙarshe irin ta always ce.

To wider ɗin nan, ku saurara da kyau, danginta ɗaya da with. E, with ɗin da kuka sani! Da can ma'anarta adawa da abu, shi ya sa withstand take nufin jurewa, withhold kuma hanawa. Wallahi wannan ne abin da har yau yake ci mini rai. Wani malaminmu a sakandare ya dage wai duk kalma mai wuya daga Latin ko Girkanci take. Na tambaye shi, Malam, to me ya haɗa withstand da "tare"? Ya ce in zauna, ina ɓata wa aji lokaci. Ɓata lokaci fa! Yaro ya yi tambaya mai tushe, an kashe masa gwiwa, haka aka yi ta... kai, a bar maganar.

Bari in koma kan kalmar da alaƙarta da rana. A ƙasashensu rana tana bin hanyar hannun agogo ne, sai suka ɗauki widdershins a matsayin saɓa wa rana, suka camfa ta, wai mayu ne ke zagaye haka. Kishiyarta deasil, ita kuma daga harshen Gaelic na Sukotland take. Ki duba withershins ma, wasu ƙamusun da haka suka rubuta ta.