Hukuncin Kashe Tururuwa, Sauro da Gizo-gizo a Cikin Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ƙwari sun addabe mu a gida, kiyashi na shiga abinci, cinnaka na cizon yara, sauro kuma ba ya barin mu barci. Na ji an ce Annabi (SAW) ya hana kashe tururuwa, sai na shiga damuwa, domin na sha fesa musu magani, wani lokaci ma na cinna wa raminsu wuta. Ina neman bayani a kan wannan, da na'urar lantarki mai kashe sauro, da gizo-gizo da wasu ke cewa shaiɗan ne, wasu kuma ke cewa haramun ne a taɓa shi. Sannan idan jinin sauro ya taɓa tufafina, ko ƙuda ya mutu a abin sha, mene ne hukuncinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika damu da ran halittar da mutane da yawa ke takawa ba tare da sun waiwaya ba. Wannan damuwar tana da tushe, domin Allah ya faɗa a Suratul An'am, aya ta 38, cewa babu wata dabba a bayan ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummomi ne irinmu, kuma surori uku na Alƙur'ani suna ɗauke da sunayen waɗannan ƙananan halittu, wato Suratun Nahl ta ƙudan zuma, da Suratun Naml ta tururuwa, da Suratul Ankabut ta gizo-gizo. Duk tambayoyinki na kisa suna komawa ga abu guda, shi ne cutarwa. Wanda ke cutarwa ana kawar da shi gwargwadon cutarwarsa, ta hanyar da ta fi gaggawa da ƙarancin azaba, wanda ba ya cutarwa kuma a bar shi da ransa.

Hanin da kika ji gaskiya ne. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu: tururuwa, da ƙudan zuma, da alhudahuda, da wani tsuntsu da Larabawa ke kira surad. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa tururuwa ta ciji wani annabi daga cikin annabawa, sai ya yi umarni aka ƙone gidansu baki ɗaya, sai Allah ya yi masa wahayi yana zarginsa da hallaka al'umma guda mai yin tasbihi saboda cizon tururuwa ɗaya. A wata ruwayar an ce masa me ya sa bai tsaya a kan guda ɗayar ba. Wannan lafazi na ƙarshe shi ne mabuɗin mas'alar, saboda zargin ya faɗa ne a kan wuce iyaka da haɗa mai laifi da marar laifi, alhali ita wadda ta yi cizon ba a hana ɗaukar mataki a kanta ba.

Daga nan malamai suka yi bayanin hadisin Ibn Abbas ta fuska biyu. Imam Khaɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 bayan hijira, ya ce tururuwar da aka hana kashewa ita ce babbar nan mai dogayen ƙafafu, wadda cutarwarta kaɗan ce, don haka ƙananan da ke mamaye abinci ba su shiga hanin ba. Wasu kuma suka bar hanin a kan kowace irin tururuwa, suka cire mai cutarwa kawai. Wannan na biyun shi ne abin da Ibn Abi Zaid Alƙairawani ya bi a ƙarshen Risala, inda ya ce babu laifi a kashe tururuwa idan ta cutar kuma aka kasa jure barin ta, amma da an bar ta ba a kashe ba, shi ya fi soyuwa a gare shi. Ni wannan maganar ta fi kwanta mini a rai, domin ta ba mai gida damar kare iyalinsa ba tare da ta zubar da alfarmar hadisin ba. Saboda haka kiyashin da ke ɓata miki abinci da cinnakan da ke cizon yaranki, ya halatta ki sa musu magani, kuma babu zunubi a kan feshin da kika yi a baya. Sai dai abin da ya fi shi ne ki fara da rufe abinci, da share ɓarɓashin zaƙi, da toshe ƙofofin da suke bi, domin abin da suka sansana ne ke kawo su. Amma tururuwar da ke can waje tana jan ƙwayarta zuwa raminta, ba ta shigo miki ɗaki ba, wannan tana nan a ƙarƙashin hanin, kuma wajibi ne iyaye su hana yara wasa da kashe ta. Haka ƙudan zuma, idan suka yi gida kusa da mutane, a nemi wanda ya san kiwonsu ya ɗauke su, ba a kai ga kisa sai an ji tsoron harbinsu ga rayuka kuma babu wata dabara.

Inda kika yi kuskure shi ne wuta. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa suna cikin tafiya tare da Annabi (SAW), sai ya ga gidan tururuwa da suka ƙone, ya tambayi wanda ya yi haka, suka ce su ne, sai ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Wannan nassi ne a kan ainihin abin da kika tambaya. Tunda kin aikata ne cikin rashin sani, ki nemi gafarar Allah, kada ki sake, kuma babu wata kaffara a kanki. Malamai sun yi rangwame ne kawai a halin larura, wato inda cutar ta tsananta kuma ba a samu wata hanya ba sai wutar, wanda kuwa yake da maganin feshi a hannu ba ya cikin larura.

Sauro ba shi cikin abin da aka hana kashewa, hukuncinsa kuma ya fi na tururuwa sauƙi nesa ba kusa ba. A hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya ambaci halittu biyar da ake kashewa ko da a cikin Harami ne: hankaka, da shirwa, da kunama, da ɓera, da kare mai cizo. Malamai suka lura cewa abin da ya haɗa su shi ne cutarwa, suka riskar da duk mai cutarwa a ɗabi'arsa da su, kamar sauro da kuɗin cizo da ƙuma da rina. A yau mun san abin da magabata ba su sani ba game da sauro, domin tun 1897 likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikinsa, kuma tamatar sauron da ake kira Anopheles ce ke ɗaukar ta daga jinin wani zuwa na wani. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna wannan zazzaɓi na kashe mutane wajen dubu 600 a duk shekara, mafi yawansu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Da wannan nake ganin yaƙi da sauro ya wuce matsayin halal kawai ga uwa mai ƙananan yara, ya shiga cikin kiyaye amanar da Allah ya ɗora mata, ko da gidan sauro ne, ko da magani, ko da kawar da ruwan da ke kwance inda yake ƙyanƙyasa.

Game da na'urar lantarki, malaman zamani sun yi saɓani, wasu suka ƙi ta don suna ganin tana kama da ƙonawa. Shaikh Ibn Usaimin, wanda ya rasu a 2001, yana cikin waɗanda suka halatta ta, da hujjar cewa jan lantarki ne ke kashe ƙwaron, ba harshen wuta ba. Wannan ne ra'ayin da nake rinjayarwa, kuma ina ƙara da cewa kisan nata nan take ne, alhali shari'a tana son gaggawa a kisan da ta halatta. Muslim ya ruwaito daga Shaddad ɗan Aus cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan komai, idan za a yi kisa a kyautata shi, kuma ya ruwaito cewa wanda ya kashe tsaka a bugun farko ya fi wanda ya kashe ta a na biyu lada. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne kada a ci gaba da danna na'urar a kan ƙwaron bayan ya mutu har ya yi hayaƙi, kuma kada ta zama abin wasan yara.

Shi kuwa gizo-gizo, ɓangarorin biyu da kika ji babu mai dalili ingantacce. Maganar da ake jingina wa Annabi (SAW) cewa gizo-gizo shaiɗan ne a kashe shi ba ta inganta ba. Labarin saƙarsa a bakin kogon Saur lokacin hijira yana cikin Musnad na Imam Ahmad, Ibn Kasir ya kyautata isnadinsa, Albani ya raunana shi, kuma ko da ya inganta babu hanin kisa a cikinsa. Aya ta 41 ta Suratul Ankabut ma misali ta buga da raunin gidansa ga masu riƙon wasu majiɓinta ban da Allah, ba ta yanke masa hukunci ba. Sai ya koma ga asalin da muka faro da shi. Nau'o'insa da aka sani sun haura dubu 50, kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu dafinsu ke yi wa mutum illa, mafi yawan na cikin gidaje kuma ƙuda da sauro suke kamawa, wato suna taya ki aikin da kike sayen magani dominsa. Mai dafi a kashe shi kamar kunama, saura kuma ki share yanarsu don tsafta, ki fitar da su waje idan kin iya, in kuma wani ya mutu a wurin sharar babu komai a kanki.

Jinin sauro a tufafi abin rangwame ne, ki yi sallarki da shi. Malamai sun faɗi haka a kan jinin ƙuma, Risala ta ce ba a buƙatar wanke shi sai ya yi yawa har ya munana, sauro kuma hukuncinsu ɗaya. Ƙudan da ya mutu a abin sha shi ma ba ya najasantar da shi, domin Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan ƙuda ya faɗa a abin shan ɗayanmu ya nutsar da shi sannan ya cire shi, kuma da mutuwarsa na najasantarwa da ba a yi umarni da abin da zai iya kashe shi a ciki ba. A kan wannan hadisi jumhurun malamai suka gina cewa mushen duk abin da ba shi da jini mai gudana, kamar tururuwa da kunama da gizo-gizo, mai tsarki ne. Sai ki cire shi ki yi amfani da abin da ya rage, kuma ruwan yana halatta a yi alwala da shi matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai canza ba. Hadisin bai tilasta miki sha ba, idan ranki ya ƙyamace shi, ko kika san ƙudan daga ƙazanta ya taso a lokacin da cutar gudawa ke yawo, ki bar shi babu laifi, kamar yadda Annabi (SAW) ya bar cin naman damo don ransa bai so ba, alhali Khalid ɗan Walid yana ci a gabansa bai hana shi ba.

Allah ne mafi sani.