Kafin ki ɗauki mai jinyar Inna a gida

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce an sallamo ta daga CHR, babban asibitin jiha, bayan shanyewar ɓarin jiki, ga hawan jini ga ciwon suga, ke kuma kina fita aiki, shi ne kike tambayar yadda za ki gane mai jinyar kirki. Na daɗe ina aikin anfirmiye, wato jinya a asibiti, a garin nan na Maraɗi, kuma na shiga gidaje da dama duba tsofaffi irinta.

Aiki biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda. Akwai zama da majiyyaci: wanka, ciyarwa, juyawa, gyaran shimfiɗa. Wannan duk mace mai haƙuri da tsabta za ta iya in an nuna mata. Akwai kuma allura, ƙarin ruwa, sa robar fitsari da wankin gyambo, waɗanda sai mai takarda. Ki ga difilomarta da idonki, ta IDE ce (babbar takardar jinya ta gwamnati) ko ta ASB (ta ƙaramin ma'aikacin lafiya), ki tambayi CSI (ƙaramin asibitin unguwa) ko kilinik ɗin da take aiki, ki taka ki ji daga bakin majo, shugaban ma'aikatan jinya na wurin. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita. Mai takardar gaskiya ba ta jin haushin tambaya.

Mu nan Maraɗi, da tsoho ya yi laushi sai a ce a sa masa ruwa. Ga mai hawan jini ko raunin zuciya, ruwan gishiri da ya wuce kima yana iya taruwa a huhu, na suga kuma ya hau da sugan Inna. Ba allura ba ƙarin ruwa sai da odonas, wato takardar magani ta likita. Sirinji sabo a ɓare shi a gabanki, don ta wanda aka maimaita ake ɗaukar ciwon hanta da sida. Wanda aka gama da shi a jefa cikin jarka mai murfi a kai CSI, kada ya shiga sharar da yara ke tonawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gyambon kwanciya, don kusan kullum ana iya kauce masa. A juya ta duk awa 2, dare da rana. Wurin wanka a duba ƙashin bayan ɗuwawu, kwatangwalo, dunduniya da kafaɗa. A fatarmu baƙa ja ba ya nunawa sosai, sai dai ki ga wurin ya ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. Daga nan kada a sake kwantar da ita a kansa. Ledar da ake shimfiɗawa kan katifa saboda fitsari, a zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, gumi take tarawa har fata ta jiƙe ta saɓule. A ɗora zanen auduga a kai, ya jiƙe a canza nan take. Ni in ina gwada mai neman wannan aiki, tambayata ɗaya: da dare yaya za ki yi da ita? Wadda ta ce za ta bar ta ta yi barcinta har asuba, da sauran koyo a gabanta.

Ciyarwa a zaune, da ƙaramin cokali, ba ɗura. Kunu mai kauri ya fi ruwa zalla sauƙin haɗiya. In ta gama ta zauna minti 30 kafin a kwantar da ita. Tari wurin ci, ko murya ta koma kamar da ruwa a maƙogwaro, alama ce abinci na bin hanyar iska, ki gaya wa likita. Kuma kada a ja ta da hannun da ya shanye, kafaɗar na iya gocewa.

Ki sayi kaye, littafin rubutu irin na ƴan lakwal. A rubuta tansiyo (awon hawan jini), suga, maganin da aka ba ta da lokacinsa, abin da ta ci, fitsari da bayan gida. In tansiyo ya zauna sama da 14/9, wato 140/90, a kai wa likita kayen, kada mai jinya ta ƙara ƙwaya da kanta. Suga ƙasa da giram 0,70 a lita haɗari ne, musamman ranar da ta sha magani ba ta ci ba: gumi, karkarwa, ruɗewa. In tana haɗiya a ba ta ruwan sukari. In ta suma kada a sa mata komai a baki, sai asibiti. Magani daga farmasi kawai. Na tebur ba ki san zafin ranar da ya sha ba, ga diclofenac da ake ba tsofaffi don ciwon jiki, yana taɓa ƙoda ya ƙara hawan jini.

Mutum ɗaya ba zai yi dare da rana ba, ko nawa kika biya. Ku raba dare tsakanin ƴan gida, ku yanke kuɗin wata da ranar hutunta gaban shaida tun ranar farko. Ki riƙa faɗowa gida ba sanarwa, ki ɗaga zane ki duba bayan Inna da kanki, in kuma bakinta na fita ki tambaye ta yadda ake mata lokacin da mai jinyar ba ta ɗakin.